Yadda muka sa kwamfutocin shagonmu suka koyi kashe kansu idan an ɗauke wuta

Ni nake kula da shagon kawuna a Aboabo, nan Kumasi. Muna buga takardu, muna fotokwafi da hoton fasfo, muna kuma cike wa mutane fom a intanet. Kwamfuta uku gare mu: biyu masu Windows da muke aiki a kansu, sai wata tsohuwa a lungu mai Ubuntu (wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne dabam da Windows), wadda duk fayilolin shago suke cikinta, daga takardun jarrabawar makarantun Islamiyya da muke bugawa har lissafin bashin da ake bin mu da wanda muke bi. Ita wannan ba a kashe ta, dare da rana. Na rubuta wannan ne saboda masu irin sana'armu da suka sayi UPS, akwatin batir ɗin nan da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta, suka ajiye a ƙarƙashin tebur suna ganin sun gama da maganar wuta. Saye kaɗai bai gama ta ba, kuma matakan da suka rage babu mai faɗa maka su a kasuwa.

Duk wanda ya yi sana'a da wuta a ƙasar nan Gana ya san dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Tun daga 2012, lokacin da bututun gas da ke zuwa daga Najeriya ya lalace a teku, ga ruwan madatsar Akosombo da ke ba da wuta ya ja baya, har zuwa 2015 da ake ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. A wancan lokacin ne Kawu ya sayi ƙaramin UPS mai 650VA, kuma ya yi masa aiki. Yanzu abin ya yi sauƙi, amma bai ƙare ba. Hadari ya taso a ɗauke, a zo gyaran layi a ɗauke, kuɗin mita ya ƙare cikin dare wuta ta yanke. Idan muna shago, UPS ya fara ƙara sai mu ajiye aiki mu kashe na'urori. Matsalar ita ce lokacin da ba kowa: ranar Juma'a muna masallaci, ko tsakar dare. UPS ya yi ta kuka shi kaɗai har batir ya ƙare, kwamfutar lungu ta mutu kwatsam kamar ba UPS ɗin. Wata safiya muka buɗe shago ta ƙi tashi, sai baƙin allo da rubutu yana cewa a duba faifan ajiya, ga takardun jarrabawar wata makaranta da za a karɓa kafin azahar.

Matakin farko shi ne wurin mai gyara a Alabar, wani dattijo da kowa ke kira Masta. Na ɗauki kwamfutar da UPS ɗin a pragya, wato keke mai ƙafa uku, na kai masa. Akwai mutane a gabana, na zauna a benci har aka kira azahar kafin ya zo kaina. Ya tayar da ita da filashi, ya sa ta binciki faifan, yawancin fayiloli suka dawo, amma na lissafin bashi, wanda yake buɗe lokacin da wuta ta yanke, ya dawo rabi. Ya karɓi sidi 150. Daga nan ya juya kan UPS ɗin. Ya kwance shi, ya zaro batirin, ya miƙo mini ya ce, "Ƙanena, shafa gefensa." Ya kumbura, robar ta tsage kaɗan kusa da inda waya take shiga, ga wani farin gari a bakin. Ya auna da mita, ta nuna kusan volt 12, amma da ya haɗa masa ƙwan fitilar mota sai lambar ta zube nan take. Ya ce irin wannan batir, mai volt 12 da 7Ah, masu yin sa suna ba shi shekara uku zuwa biyar ne a ɗaki mai sanyin digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma yana cinye kusan rabin ransa. Shagonmu rufin kwano ne, ga injin fotokwafi yana huci. Kawu ya taɓa canja batirin, amma an daɗe.

Na ce to a sa sabo, shi ke nan. Masta ya juya bayan UPS ɗin ya nuna mini ramukan da ke jiki. Akwai na wuta, akwai wasu ƙanana biyu irin na wayar tarho ta gida. Ya ce waɗannan na kare layin tarho ne daga tsawa, ba su da alaƙa da kwamfuta. "Wannan akwatin ba ya magana da kwamfuta," in ji shi. "Ko ka sa masa sabon batir, idan ba ka nan, ƙarshenta ɗaya ne, sai dai ta daɗe kaɗan kafin ta mutu." Abin da ake nema shi ne rami mai kusurwa huɗu na USB, irin na bayan firinta, ko tsohon rami mai fil tara. Ta nan UPS yake gaya wa kwamfuta cewa an ɗauke wuta, batir ya rage kaza, ki shirya. Duk da haka na sayi sabon batir sidi 220 aka sa wa tsohon, muka mayar da shi na injin hoton fasfo.

Shawo kan Kawu ya fi komai cin lokaci. A ganinsa UPS UPS ne, me zai sa a ninka kuɗi saboda rami ɗaya. Abin da ya sa ya yarda shi ne fayil ɗin bashi, don sai da muka koma tsofaffin rasit muna haɗa lissafi da hannu, wasu ma har yau sai dai a bar wa Allah. Ya ce, "Je ka nemo, amma ka taya sosai, kada su ga kana so."

Sai Adum, wajen PZ, inda shagunan na'urori suke jere. A nan ne mutum yake ruɗewa, domin lambar da ake rubutawa babba a kwali ta VA ce, ba ta wat ba. A ƙananan UPS, wat ɗin da za su iya ɗauka kusan kashi 60 cikin ɗari ne na wannan lambar: mai 650VA wat 360 zuwa 390, mai 1500VA kusan wat 900. Sai ka juya kwalin ka nemi ƙaramin rubutu. Na biyu, wasu suna da ramin USB amma na cajin waya ne, ba na magana da kwamfuta ba, kuma yaran shago sau da yawa ba su san bambancin ba. Na riƙa cewa a buɗe kwali in gani da idona. Wasu suka yarda, wasu suka ce sai na biya. Na uku, siffar wutar da UPS ke fitarwa idan ya koma kan batir. Masu arha suna ba da wuta mai hawa-hawa wadda ba ta yi kama da ta layi sosai ba, kuma wasu sababbin kwamfutoci suna ƙin ta, su mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta alhali batir a cike yake. Namu tsofaffi ne, ba su damu ba, amma mai sabuwar na'ura mai tsada ya tambaya. Na kuma nemi mai daidaita ƙarfin wuta a cikinsa, wanda ake rubuta AVR a jikinsa. Wutar Gana volt 230 ce a ƙa'ida, amma mu a Kumasi mun san yadda take yin ƙasa da yamma, fanka ta riƙa juyawa da ƙyar. Dalilin da aka kawo tashar wuta ta Anwomaso ke nan, wadda aka buɗe a Afrilun 2024. UPS marar AVR, duk sanda wuta ta yi ƙasa sai ya hau batir, ya yi ta cinye shi ba tare da an ɗauke wuta ba.

Na samu mai 1500VA a wani shago, amma na nuni ne kawai ya rage, sabo sai an turo daga Accra. Na ba da rabin kuɗi ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, na karɓi rasit da aka rubuta lambar samfurin a kai, ba "UPS" kawai ba. Suka ce jibi, jibin ta zama mako mai zuwa. Da ya iso na biya cikon, duka ya kama sidi 2,900 a lokacin, farashi kuwa yana bin dala, don haka kada wani ya riƙe wannan lambar. Kafin in fita na sa aka buga hatimi a katin garanti, aka rubuta lambar jikin na'urar, na duba kebul ɗin USB yana cikin kwali. Na kuma duba ramukan fitar wuta, domin wasu ba su karɓar filoginmu mai ƙafa uku, sai irin kebul ɗin da ke shiga bayan kwamfuta, na sayi guda uku sidi 25 kowanne. Mai shagon ya jona shi a laftof ɗinsa, alamar batir ta biyu ta fito, sannan na yarda aka ɗaure kwali.

A shago na bar shi a caji ya kwana ba tare da an ɗora masa komai ba, kamar yadda takardarsa ta ce. Washegari na jona kwamfutoci uku da allunansu, da akwatin intanet da ke haɗa su. Firinta mai lesa da injin fotokwafi ba su hau ba, kuma kada kowa ya ɗora su: lokacin da suke dumama ƙarfen da ke manne tawada suna jan wuta mai yawa a tashi ɗaya, su kayar da UPS. Fanka da ketil ma haka. Na manna farar takarda a kan ramin da ya rage saboda yaron shago kada ya cusa abin da ya ga dama.

Na fara gwadawa da kwamfutar Kawu mai Windows, kuma wanda kwamfuta ɗaya gare shi a nan aikinsa zai ƙare. Ina jona kebul ɗin sai alamar batir ta fito a ƙasan allo kamar ta laftof, ba tare da na sa wata manhaja ba. A cikin Control Panel akwai Power Options, a can cikin saitin da ya fi zurfi akwai sashen Battery. Abu biyu ake taɓawa: Critical battery level, wato matakin da batir zai kai a ɗauki mataki, da Critical battery action, wato matakin da za a ɗauka. Na same shi a kashi 5, na ɗaga shi zuwa 50. Kashi 5 na laftof minti da yawa ne, amma na UPS daƙiƙu ne, kuma lissafin da UPS ke bayarwa ba abin dogaro ba ne idan batir ya fara tsufa, yana iya faɗowa daga 30 zuwa sifili a ƙiftawar ido. A wajen mataki na zaɓi Hibernate maimakon Shut down, saboda shi yana kwashe duk abin da ke buɗe ya ajiye a faifai, idan an dawo a tarar da takardar da ake bugawa yadda aka bar ta.

Amma kebul ɗaya ne, kwamfuta uku. Wadda ta fi buƙatarsa ita ce ta lungu, don haka na mayar da shi can, na sauke manhajar Network UPS Tools, wadda ake kira NUT, kyauta ce. A nan na fi daɗewa. Umarnin lsusb ya nuna na'urar, nut-scanner ya ba ni layukan da zan zuba a fayil ɗin saiti ups.conf, direban da ya dace, wato manhajar da ke magana da UPS ɗin, shi ne usbhid-ups. Wasu masu arha ba sa jin wannan sai nutdrv_qx. Da farko direban ya ƙi tashi yana ƙorafin izini, sai da na zare kebul ɗin na mayar sannan ya kama. Wani abin ruɗani kuma, bayanan da ke intanet kashi biyu ne: tsofaffi suna rubuta master da slave, sababbi primary da secondary. An canja ne a fitowar NUT 2.8.0 ta 2022. Ubuntu 22.04 tana ɗauke da 2.7.4, Ubuntu 24.04 kuma 2.8.1, sai mutum ya duba wadda ke hannunsa kafin ya kwafi komai. Da na buga upsc, umarnin da ke nuna halin da UPS yake ciki, na ga ups.status yana nuna OL, wato yana kan wutar layi, ga cajin batir 100, ga kiyasin daƙiƙun da zai iya riƙewa, na ji wani sanyi a raina da ban ji ba tun ranar baƙin allo.

NUT yana sanya wa kowane abu da ya faru suna. ONBATT an koma kan batir, ONLINE wuta ta dawo, LOWBATT batir ya kusa ƙarewa, COMMBAD magana ta yanke tsakaninsa da UPS, REPLBATT batir ya tsufa a canja. Yadda yake zuwa, ba ya kashe kwamfuta sai an haɗa biyu: ana kan batir kuma batir ya yi ƙasa. Wannan tsari ya dace da ƙasar da ake ɗauke wuta sau ɗaya a shekara. A nan bai dace ba, kuma wannan shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Wutarmu idan ta tafi, ko dai ta dawo cikin minti ɗaya, ko ta yi awanni. Idan ta wuce minti uku ba ta dawo ba, zaman jira ɓarnar batir ne kawai. Batirin dalma ba ya son a tatse shi ƙaf, kowace tatsa tana rage masa kwana. Ga kuma halin wutarmu na a kawo a sake ɗaukewa bayan minti goma, batir bai cika ba, kwamfuta ta tashi, babu abin da zai riƙe ta har ta kashe kanta. Saboda haka na yi amfani da upssched, wani ɓangaren NUT da yake aiki da agogo. Layi biyu ne: ɗaya yana cewa idan an ga ONBATT a fara ƙirga daƙiƙa 180, ɗayan yana cewa idan an ga ONLINE a soke ƙirgar. Idan ƙirgar ta cika, wani ɗan fayil da na rubuta yana kiran upsmon -c fsd, kashewa ta fara. A sani cewa idan aka kai wannan gaɓar babu komawa, ko wuta ta dawo a tsakiya sai an ƙarasa.

Sauran biyun masu Windows na sa musu WinNUT-Client, suna sauraron ta lungu ta hanyar waya a ƙofa mai lamba 3493. A ta lungu sai an canja nut.conf zuwa netserver, an kuma buɗe layin LISTEN a upsd.conf, in ba haka ba ta lungu da kanta kaɗai take magana. Dalilin da ya sa akwatin da ke haɗa su dole ya kasance a kan UPS ke nan: idan ya mutu tare da wuta, saƙon kashewa ba zai isa ko'ina ba.

Gwaji mun yi shi ranar Lahadi da yamma, ba abokan ciniki. Ba a zare filogin UPS daga bango, domin zarewa tana raba na'urorin da wayar ƙasa mai kare su. Soket ɗinmu yana da maɓalli, shi ake kashewa. Kawu ya ja kujera ya zauna, carbi a hannu, idonsa a kan agogon bango. Na danna. UPS ya yi ƙara, fitilarsa ta koma ruwan ɗorawa, alluna ba su ko ƙifta ba. Minti uku cif, ta Kawu ta fara rufewa, ta biyu ta bi, can sai ta lungu ta jero rubutu ta yi shiru. Bayan kamar daƙiƙa ashirin muka ji ƙas daga cikin UPS, ya yanke wutar da yake bayarwa. Kawu ya ce, "Ikon Allah. To kunna mu gani." Na kunna soket, UPS ya farka, amma ta lungu ko motsi.

Wannan matakin ba a cikin NUT yake ba, a BIOS yake, wato allon saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta. Akwai wani layi a sashen wuta, a tamu an rubuta Restore on AC Power Loss, a wasu After Power Loss ko AC Recovery, kuma yawanci a kashe yake zuwa. Sai a mayar da shi Power On. Kada a zaɓi Last State, domin kwamfutar da ta kashe kanta lafiya, halin ƙarshe da ta sani shi ne a kashe take, ba za ta tashi ba. A nan ne kuma amfanin waccan ƙas ɗin ya bayyana: kwamfuta ba za ta san wuta ta dawo ba sai idan ta ga an yanke an mayar. Idan UPS bai yanke kansa ba bayan kashewa, kuma aka kawo wuta kafin batir ya ƙare, ita a wurinta wuta ba ta taɓa tafiya ba, sai ta kwana a kashe. NUT yana ajiye wata alama mai suna killpower kafin ya rufe, ita ce take sa a aika wa UPS umarnin ya yanke bayan daƙiƙa 20, ya kuma jira 30 kafin ya mayar idan akwai wuta. Na sake gwadawa, wannan karon na kunna soket tun kwamfutocin suna cikin rufewa, don in ga abin da zai faru idan wuta ta dawo a mummunan lokaci. UPS ya yanke duk da haka, ya jira, ya mayar, ta lungu ta tashi da kanta. Ita kaɗai na yi wa wannan saitin. Na tebur biyun gara su jira mutum.

Abu na ƙarshe da ya ɓullo shi ne janareta. Muna da ƙarami na fetur, da muka tayar da shi sai UPS ya riƙa hawa batir yana sauka yana ƙas-ƙas ba tsayawa, domin bugun wutar janareta ba ya zama daidai a bugu 50 a daƙiƙa kamar na wutar layi idan injin fotokwafi ya ja. Kowace hawa tana tayar da ƙirga, kowace sauka tana soke ta, batir kuwa yana ta raguwa. A allon UPS ɗin akwai wurin rage masa saurin tsorata da canjin wuta, na saukar da shi zuwa mataki na ƙasa, ya natsu. Kuma ko da ƙirgar ba ta taɓa cika ba, tsarin LOWBATT yana nan a baya, ban cire shi ba, kuma ban ba kowa shawarar ya cire ba.

Wanda zai bi wannan hanya, ya fara da leƙa bayan UPS ɗin da yake da shi kafin ya kashe ko sidi ɗaya, wataƙila ramin yana nan kebul ne kawai babu, kuma kebul ɗin firinta yana yi wa yawancinsu. Ya zaɓi minti nawa zai jira bisa halin wutar unguwarsu da tsawon lokacin da kwamfutarsa ke ɗauka kafin ta rufe, mai janareta ya ƙara lokacin da zai ishe shi fita ya ja igiya. Ya yi gwajin da duk kayan a kunne, ba da kwamfuta ɗaya ba. UPS kuma ba ya maye gurbin kwafin ajiya: yanzu duk daren Alhamis ana kwashe fayilolinmu zuwa wani faifai da nake tafiya da shi gida. Na ɗaga UPS ɗin daga ƙasa na ɗora a kan benci nesa da injin fotokwafi saboda zafi da ƙurar hunturu, na rubuta watan da aka saye shi da alƙalamin maka a gefensa. Farkon kowane wata nakan kashe soket in duba abin da upsc ke cewa bayan minti biyu a kan batir, in rubuta a bayan littafin shago. Ranar da lambar ta sauko ƙasa da rabi, batura biyu masu volt 12 da ke cikinsa za a canja su tare, Masta ya ce ba a haɗa sabo da tsoho.